Taƙaita Suna Ba Shi Ne Taƙaita Magana Ba

Kwanakin baya na tarar da wani dattijo mai sayar da kayan famfo a kasuwar Wunti yana tsaye gaban wata sanarwa da aka liƙa a ƙofar wani ofishi a nan Bauchi. Da Hausa aka rubuta ta, kuma ya iya karatu sarai, amma ta ce duk mai neman tallafi ya zo da NIN da BVN da PVC ɗinsa. Sai ya juyo ya ce mini: "Malam, me za su yi da bututun ruwa?" A sana'arsa, PVC bututun roba ne, kuma bai yi kuskure ba. Da an rubuta "katin zaɓe", da tuni ya kama hanyar gida ya ɗauko.

Matsalar da masu rubuta sanarwa da 'yan jarida ke mantawa da ita ita ce, waɗannan haruffa farkon kalmomin Turanci ne da mai karatun Hausa bai taɓa gani ba, don haka ba shi da abin da zai kama ya gano ma'anarsu. Lambar shaidar banki (BVN) da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014 da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) duk alƙaluma 11 ne, sunayensu kuma duk haruffa uku ne masu ƙarewa da N. Ina laifin wanda ya kawo wannan a madadin waccan bayan ya biya kuɗin mota daga Darazo ko Ningi? Marubucin ya huta da rubuta kalmomi huɗu, ya ɗora wa talaka asarar yini guda.

Ban ce a yi watsi da kowane taƙaitaccen suna ba. Akwai waɗanda bakin jama'a ya tauna har suka zama Hausa. An sauya wa NEPA suna tun 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, yau kamfanin Jos ne ke ba Bauchi da Gombe lantarki, amma har gobe yara ihun "Nefa ta kawo wuta" suke yi. Irin wannan ya samu gindin zama ne saboda yana faɗuwa a baki kuma ya daɗe a kunne, abin da sunan hukumar da aka kafa bara ba zai samu ba don kawai an rubuta shi da manyan baƙaƙe.

A rediyo abin ya fi muni, domin mai sauraro ba ya ganin baƙaƙen. Idan mai karanta labarai ya ce NEMA ta isa wani ƙauye bayan ambaliya, tsohuwar da ke sauraro za ta iya jiran a gaya mata abin da ake nema. "Hukumar ba da agajin gaggawa" ba ta ƙara wa labarin ko daƙiƙa biyu.