A Amurka ma ana korar ma'aikaci kan ra'ayinsa

A rumfar mai cajin waya a wani ƙauye kusa da Gumel, janareta na ta ruri, matasa kan ce a Amurka ba a korar mutum daga aiki saboda ra'ayinsa. Ba haka ba ne. Tsarin mulkinsu gwamnati ya hana toshe bakin mutum, ba kamfani ba.

A 2017 Google ya sallami injiniya James Damore saboda takardar da ya rubuta yana sukar shirin kamfanin na ƙara yawan mata a aikin. A Afrilun 2024 kuma ya kori mutum 28 kan zaman dirshan da aka yi a ofisoshinsa na adawa da kwangilarsa da gwamnatin Isra'ila. Kalifoniya, jihar da hedkwatar Google take, tana da dokar kare siyasar ma'aikaci, amma kariyar ba ta kai ga mamaye ofishin maigida ba.