Wai Hira Ce Kawai

Tun jiya nake bin abin da 'yan'uwana maza ke rubutawa a kan maganar wani bawan Allah da matarsa ta gano yana hira da wata yarinya a waya, raina sai ƙara ɓaci yake. Wata takwas kana hira da yarinya da tsakar dare, ka ajiye lambarta da sunan "mai gyaran janareta", uwargida ta gani ta tattara ta tafi gidansu, sannan a ce ita ce mai laifi don ta taɓa maka waya? Wai ko hannun yarinyar bai taɓa riƙewa ba, hira ce kawai.

Cin amana ne, kuma shi ma ya san cin amana ne. Da bai sani ba, me ya sa ya canja sunan? Me ya sa sai ya tsaya a ƙofar gida ya goge saƙonnin kafin ya yi sallama? Muna yara a Islamiyya aka biya mana hadisi na 27 cikin Arba'una, na Nawwasu ɗan Sam'ana: zunubi shi ne abin da ya sosu a ranka, kuma kake ƙin mutane su gani. Duk abin da sai ka kifa waya idan matarka ta shigo ɗaki, ka riga ka yanke wa kanka hukunci, ba sai an kira malami ba.

Na san abin da za ku ce, namiji mijin mace huɗu ne. Gaskiya ne, aya ta 3 a Suratun Nisa'i tana nan, babu mai goge ta. To amma aure ta halatta. Aure kuwa da ƙofarsa: a tura magabata, a kai gaisuwa, a yanka sadaki, waliyyi da shaidu su zauna. Wata takwas ko wan mahaifinta ba ka sani ba, sai "turo mini hoto" da ƙarfe ɗayan dare, ka ce neman aure kake? Kada ka jingina wa addini wannan.

Masu cewa a kawo shaidu huɗu kuma, wannan sharaɗin haddi ne a gaban alƙali. Amanar da ke tsakanin miji da mata ta fi haka faɗi. Suratul Isra'i aya ta 32 cewa ta yi kada ku kusanci zina, kuma Annabi (SAW) ya ce zinar ido kallo, zinar harshe magana.

Ku juya maganar mana. A ce a wayar matar aka samu wani ƙato an ajiye shi da sunan "mai kitso", wata takwas ana hira. Wallahi da yawanku kafin asuba takardarta na hannunta, kuma ba wanda zai tambaya ko ya taɓa hannunta. A nan kowa ya gane hira ma cin amana ce. To da mudun da ka auna mata za a auna maka. Haka ke ma 'yar'uwa, an sa miki rana, lefe na hanya, kina riƙe da mai sa miki data kina kiransa "yayana". Duk kanwar ja ce.

Tausayin matar nan nake ji har cikin raina. Tana kwance a gefensa, yaro ya gama tsotso ya yi barci, tana ganin hasken waya a fuskarsa yana murmushin da ta yi shekaru ba ta samu ba.

Sannan ku da kuke yawo da hotunan hirar a WhatsApp, har da fuskar yarinyar da lambarta, don Allah ku sauke. Tana da iyaye, tana da ƙanne a makaranta. Jiya a rukunin unguwarmu sau uku aka turo, har da wani dattijo da ke sahun farko kullum asuba.