Tsiren dubu biyu da karen gidan Dakta

Duk wanda ya ce maka "in kare ya taso maka kar ka gudu, ka tsaya cak", don Allah ka tambaye shi wane irin kare ne ya taɓa taso masa. Don akwai kare akwai kare. Waɗannan jajayen ramammun da muka saba gani suna bin bola ko suna bin 'yan farauta, ai ko tari ka yi da ƙarfi sun bar maka layin. Wanda na haɗu da shi a Hanwa ba irinsu ba ne sam.

Lokacin sanyin Janairu ne, wanda ya zauna Zariya ya san yadda hazo ke rufe gari, ana sallame isha'i kowa ya shige ɗaki. Uwargida na da juna biyu, kuma cikin nan nata ba ya sha'awar komai sai abin da babu a gida. Ta ce tsire take so, na ce to ga mai tsire nan bakin layi, ta ce a'a shi ƙuli ya fiye zubawa, na wajen Kwangila take so. Ban ja magana ba, duk mai iyali ya san ba a jan magana a irin wannan lokaci. Na zura jallabiya da hular sanyi da silifas na tari ɗan acaɓa, na sayo na dubu biyu aka naɗe min a takarda aka sa a baƙar leda, da zafinsa. Da muka dawo ɗan acaɓan ya ce shi fa ba zai shiga layinmu ba yashi ya yi yawa, ya ajiye ni a bakin titi ya yi gaba.

NEPA sun ɗauke, waya ta mutu tun a wajen mai tsire, ina tafe ina laluben hanya ina 'yar waƙata. Sai na ji wani gurnani. Wallahi da farko na ɗauka wani ne ke ƙoƙarin tada janareto. Ina ɗaga kai na ga idanu biyu suna ƙyalli a tsakiyar layi, kuma tsayin da idanun suke daga ƙasa shi ne ya fara kashe min jiki, don sun kusa kai ƙuguna. Ƙofar get ɗin gidan Dakta a buɗe. Wani malamin jami'a ne da ya tare bai daɗe ba, mun sha jin haushin karensa ta bayan katanga amma ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido, ashe ni aka ajiye wa buɗe taron.

Na tsaya cak kamar yadda masana suka ce. Shi ma ya tsaya. Sai ya tako ɗaya. Na ce "kai! tafi can!" da muryar da na so ta fito ta maza amma ta fito wata iri. Ko gezau. Sai na tuna dabarar yarinta, ka duƙa kamar za ka ɗau dutse, kowane kare a ƙasar Hausa ya san ma'anar wannan duƙawar. Na duƙa, hannuna ya sauka kan ledar fiya wota. Shi kuwa tunda aka haife shi ba a taɓa jifansa ba, ɗan gata ne, sai ya ɗauka gaisuwa nake yi ya ƙara matsowa.

Toh sai addu'a. Tun muna makarantar allo ake gaya mana in kare ya tare ka ka karanta ayar nan ta Suratul Kahfi, aya ta 18, inda aka ambaci karen mutanen kogo yana shimfiɗe da hannuwansa a bakin ƙofa. Na haddace ta, ina karanta surar ranar Juma'a, amma a daren nan na nemi farkonta na rasa. Abin da bakina ya kama shi ne "Allahumma barik lana fima razaƙtana". Jama'a addu'ar cin abinci. Ni da bakina nake sa wa kare albarka a abincinsa, kuma duk layin ba wani abinci sai ni da ledar hannuna.

Ya yi haushi guda ɗaya, wanda na ji shi har cikin haƙorana. Nan ilimin tsayawa cak ya ƙare. Na wurga masa ledar, na tattare jallabiya har cinya na ranta a na kare, alhali mai ƙafafun da na ranta yana bayana. Ban san ina da gudu haka ba, mutumin da in ya hau bene hawa ɗaya sai ya huta. Na ji wani abu ya shafi ƙwaurina, ban tsaya bincike ba. Akwai wani kango a layin da aka jibge bulo a gabansa, yadda aka yi na hau can sama har yau ban sani ba, na dai tsinci kaina a tsugune a kai da silifas ƙafa ɗaya, hula ta rufe min ido guda.

Daga nan sama na kalli yadda ake cin tsiren dubu biyu. Ya koma wajen ledar, ya yage ta a nutse, ya cinye naman da albasar da rabin takardar, yajin ya sa shi atishawa sau biyu amma bai fasa ba. Da ya gama sai ya dawo gindin bulon ya tarar da ɗaya silifas ɗina ya hau shinshina. Hausawa ba su yi ƙarya ba, in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi. Ya ɗauka ya kwanta yana tauna yana kallona. Sanyi na kaɗa ni, bulon na motsi, ina so in yi ihu ina tuna a layin nan ake ce min Malam, har ɗaurin aure ake sa ni a sahun gaba.

Can sai ga hasken tocila. Wata yarinya ce da ba ta wuce shekara takwas ba, da ɗan hijabinta, ta fito daga gidan. Ta ce "Taiga! Kom hiya!" Wai sai ga wannan basamuden ya miƙe yana kaɗa bindi ya je ya zauna a gabanta. Ashe Turanci kawai yake ji, ni ina ta ɓata Hausata. Ta haska ni ta ce "Baba ina wuni. Ku sauko, ba ya cizo, wasa yake so." Duk mai kare haka yake cewa. Na ce lafiya lau 'yata, shiga da shi ki rufe ƙofa tukuna, ina duba bulon nan ne ko na siminti sosai ne.

Na isa gida ƙafa ɗaya ba takalmi, jallabiya ta yage ta baya. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce "Malam ina tsiren?"

Sai da aka kunna fitila muka ga ƙwaurina da jini, 'yar karta ce ba mai zurfi ba, kuma ba wanda zai iya rantsewa haƙori ne ko gefen bulo. Ƙanwar uwargida da ke karatun nas muka kira, ta ce Yaya kar ka yi wasa, a wanke wajen da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, yanzu ba gobe ba, da safe kuma ka tafi asibiti. Famfo ba ruwa, sai buta. Ka yi tunanin ruwan randa a sanyin Zariya ƙarfe goma na dare, uwargida na zubawa tana duba agogo tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce wai ba ita ke dariya ba cikin ne.

Kafin gari ya waye labari ya riga ni masallaci. Wani dattijo ya ce maganin cizon kare sai a tsigo gashin karen a ƙona a shafa a wajen. Na ce Baba na yarda, wa zai je tsigowa? Shiru. Wani ya ce jallabiyar sai an wanke ta sau bakwai. Liman ya ce a'a, hadisin kan ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki yake magana, kuma a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Aka bar ƙafata aka koma gardamar fiƙihu, na sulale na tafi asibiti.

Likitan bai yi dariya ba ko kaɗan, shi ne ya sa na nutsu. Ya ce ciwon haukar kare ba a jira a ga alama, in har alamu suka bayyana, irin su mutum ya riƙa tsoron shan ruwa, to kusan ba a tashi. Don haka rigakafi ake bi tun kafin nan: allura a ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14. Ya ce kuma a sa ido kan karen kwana 10, in yana nan garau yana ci yana sha to da sauƙi. Dakta dai mutumin kirki ne, ya zo har gida ba da haƙuri, ya ce maigadi ne ya bar ƙofa ya tafi sayen shayi, ya biya kuɗin allurar, ya kuma nuna min katin rigakafin karen daga asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru. Na duba katin nan hatimi bayan hatimi, na ga kare ya fi ni cikakken tarihin lafiya, ni ko katin shan inna na ban san inda yake ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwana goman nan. Duk Hanwa ba wanda ya kai ni son lafiyar Taiga. Da sassafe ina ƙofar gidan ina tambayar maigadi, ya kwana lafiya? Ya sha ruwa? Ba ya dalalar da miyau? Ran da aka ce min bai ci abincin dare ba ban yi barci ba, washegari da kaina na sayo masa ƙashin balangu na miƙa ta ƙasan get. Uwargida ta ce ita da ke ɗauke da ɗana ba ta samu wannan kulawar ba.

Karen ya wuce kwanakinsa lafiya ƙalau, sai dai ya riga ya sa ni a lissafin masu kawo nama. Yanzu ko tarina ya ji a layi sai ya hau kuka yana dukan get da bindi. Shekaranjiya maigadin ya sake barin ƙofa, na fito sallar asuba ina tafe sai na ji ana bina a hankali, ya raka ni har bakin masallaci ya kwanta kusa da takalma. Mutum huɗu suka fasa shiga suka tsaya daga nesa da butocinsu. Ladan ya leƙo ta taga ya ce "Malam, don girman Allah ka yi wa mutumin naka magana." Na ce ai Turanci yake ji, a nemo yarinyar.