Fenti ba ya hana yoyo

A aikin dillancin gidaje, babu abin da ke ƙona mini rai kamar mai gida ya shafe bango mai tsatsafar ruwa da fenti, sannan ya ce in kawo 'yan haya. Ranka ya daɗe, ruwan nan daga rufi yake, ko bututu ne ya fashe cikin bango! Da an yi ruwan sama fentin zai kumbura ya ɓare, kayan mutane su yi fumfuna. Kuma ni za a kira, ni da na nuna gidan.

Shi ya sa nake cewa mai neman gida ya dafa bango, ya duba kusurwar silin. In ya ji sanyi, ga kuma sabon fenti a gefe guda, ya tambayi dalili kafin ya biya.