Banki ba ya yajin aiki

Na ga bidiyon da kuke ta turo mini tun jiya. Wai duk ɗan Zariya da ya kai shekara arba'in bai ci bashin banki ya gina ɗakunan ɗalibai a Samaru ba, to bai san ciwon kansa ba. Sannu Alhaji, masanin arziki! Har da 'yan tafi a ƙasan bidiyon, ana "gaskiya ne oga". Wanda ma bai gama biyan kuɗin hayarsa na bana ba yana cewa gaskiya ne.

Abu ɗaya zan faɗa, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni. Kada ka gina gidan haya da bashi mai kuɗin ruwa. Ban ma taɓo hukuncin riba ba, wannan na malamai ne, kuma kowa ya san abin da suka ce. Lissafi kawai nake yi.

A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Bankin kasuwa kuwa sai ya ɗora nasa a kai kafin ya ba ka. To mu ɗauka ka karɓo miliyan 30 a kan kashi 30. Kuɗin ruwa kaɗai miliyan 9 ne a shekara, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Mu ce ka fitar da ɗaki goma masu banɗaki a ciki, in ma kuɗin ya isa da tsadar siminti da rodi, kowane ɗaki ka ba da shi dubu 300. Miliyan 3 ke nan. Ragowar miliyan 6 ɗin fa, daga aljihun wa? Ko Alhajin bidiyo ne zai cika maka?

Za a ce ai ɗalibai ba sa ƙarewa a Zariya. Jami'ar ABU na nan, Samaru da Kongo, ga makarantar horar da malamai ta Gyallesu, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar jirgin sama ta Palladan. Na ji. Kun manta 2022? Daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na yajin aiki. Hayin Dogo da Zangon Shanu suka yi tsit, mai shayi ya rasa wanda zai zuba wa. Ɗaliban da suka dawo suka ce ba za su biya watannin da ba su kwana ba, aka yi ta kai ruwa rana da masu gida. Wanda ya gina da guminsa ya yi haƙuri, ya jira. Wanda ya gina da bashi kuwa, banki bai tafi yajin aiki tare da malamai ba. Wata na cika, saƙo na shigowa.

Wani zai ce akwai bashin gidaje na gwamnati mai kashi 6. Akwai, na masu zubi a asusun gidaje na ƙasa (NHF) ne, kuma don gidan da za ka zauna a ciki aka yi shi. A bar wannan maganar.

Ni na ga abin da idona, shi ya sa nake zafi. Wani dattijo da nake girmamawa ya jinginar da takardar gidansa na gado, ya yi gini a bayan Samaru. Bai kai ga rufi ba kuɗi ya ƙare. Mutumin da ke fara zuwa sahun gaba a masallaci ya koma sallah a gida don kunyar masu binsa. Wallahi duk ranar da na wuce ta gaban kangon nan sai raina ya ɓaci.

In kana son gidan haya, bi ta hanyar da iyayenmu suka bi. Sayi fili, ka je KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, ka tabbatar ba rigima a kansa, ka yi takarda. Yi adashe, buga bulo, ɗaki biyu bana, biyu baɗi, hayar na farko ta ɗauki nauyin na biyu. Kuma ba dole sai ɗalibi ba. Ma'aikacin asibitin Shika mai iyali yana shekara biyar bai tashi ba, bai kuma fasa maka ƙofa ba.

Haraji ma Alhajin bai ambace shi ba, ya manta ne ko ya ɓoye, oho. Akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Kamfani in ya kama hayarka, kashi 10 yake cirewa ya miƙa wa hukuma kafin ya ba ka. Sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na kuɗin hayarsa daga kuɗin shigarsa da ake ɗora wa haraji, iyaka dubu 500, don haka zai nemi rasit, rasit ɗin kuma sunanka ne a jiki. Ka sa wannan a lissafi tun kafin ka haƙa tushe.