Ku Yanka wa Yaro Gayaunarsa

Abin da aka yi wa yaron nan a taron manoman rani na jiya a Kura har yanzu yana ci mini rai. Ya miƙe cikin ladabi ya roƙi a yanka wa matasa ɗan fili a bakin ruwa, sai wani dattijo ya katse shi, wai yaran yanzu ba sa son wahala, latsa waya kawai suka iya. Aka kwashe da dariya, yaro ya zauna kansa a sunkuye.

Baba, da girmanka, wannan magana ba gaskiya ba ce.

Wa yake tashi da asuba ya tayar da injin ban ruwa? Wa yake tsugune cikin laka yana dashen albasa, hunturu na tsattsaga masa hannu? Wa yake ɗaukar kwandon tumatir a ka har bakin titi a loda zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan? Yaran nan ne. Amma ranar da dillali ya ƙirga kuɗi, aljihun maigida suke shigewa, yaro a miƙa masa na sabulu. Shekara biyar a haka, kuma a yi mamaki don ya hau mota ya tafi Legas acaɓa?

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Gandu na gida ne, amma kowane saurayi yana da gayaunarsa, ya gama aikin gandu ya juya kanta, abin da ta bayar nasa ne. Ni fangali huɗu mahaifina ya yanka mini, Allah ya jiƙansa, na zuba salak da alayyahu. Ranar da na sayar da yankan farko a hannu na riƙe kuɗin har gida, na kasa sa su a aljihu. Abin da ya ɗaure ni a lambu ke nan har yau.

Za a ce gado ya daddatsa filaye. Fangali huɗu nawa ne? Za a ce fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ga sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016. Duk mun sani, kuma dattawa ba su bar lambu saboda su ba, don lambun nasu ne. Ku ba yaro nasa ku gani.

Tun 1974 da aka gama dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako ruwa yake gangaro mana har Kadawa da Bunkure. Ruwa yana nan, masu riƙe fartanyar ne suke tsufa. Ku yanka wa yaro gayauna.