Tugela: mun tsaya kallon tsayinta, mun bar abin da ke samanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ƴan kwanakin nan wani bidiyo ya zagaya wayoyinmu a Facebook da WhatsApp, na wani ruwa fari fat da yake zubowa daga kan dutse mai tsayin da ido ba ya iya kai ƙarshensa da kallo ɗaya. Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne, wasu sun ce a ƙasar Sin yake, daga nan kuma gardama ta koma kan wace magangarar ruwa ce ta fi kowace tsayi a duniya. Wurin gaskiya ne, kuma a nahiyarmu yake. Sunansa Tugela, yana cikin gandun dajin Royal Natal a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, a duwatsun Drakensberg da suka raba wannan ƙasa da Lesoto. Ina so in ba da amsar gardamar a taƙaice, domin a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani cikin abubuwan da wannan wuri zai iya koya wa mutumin Maraɗi.

Tsayin da aka daɗe ana ba Tugela shi ne mita 948, kuma ruwan ba ya faɗowa a zubi ɗaya, hawa biyar yake yi kafin ya isa ƙasa, mafi tsawonsu ya kai mita 411. Alhazanmu da suka ɗaga kai suka kalli hasumiyar agogon Makka, wadda tsayinta mita 601 ne, sai su ƙara mata fiye da mita 300 kafin su kai bakin dutsen da ruwan yake barowa. Wadda ake ba kambun duniya ita ce magangarar Angel da ke gandun dajin Canaima a Benezuwela, mai mita 979, bisa awon da wata tawaga ta yi a 1949. A 2016 wasu masu bincike daga ƙasar Cek suka sake auna Tugela suka sami mita 983, tun daga nan kuma ake ja-in-ja, domin awon Angel ya haɗa da gangaren da ruwan yake bi bayan ya gama faɗowar mita 807 da yake yi kai tsaye. Iyakar gardamar ke nan. Ko an ba Tugela kambun ko an hana ta, ɗigon ruwa ɗaya ba zai ƙaru a cikinta ba.

Abin da masu yaɗa bidiyon ba sa faɗa shi ne ba kullum Tugela take yadda aka gan ta ba. Daminar can tana kamawa ne daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da mu muke cikin ɗari da bazara, kuma a watannin Yuni da Yuli da muke noman farko su suna cikin tsananin sanyi, ƙanƙara tana rufe kan duwatsun, wani lokaci ma ruwan da ke bakin magangarar yakan daskare. A rani ruwan yana raguwa har ya koma ɗan siriri, wanda ya je a lokacin yana iya tarar da baƙin dutse kusan a bushe. Wannan hali mun san shi, domin Gulbin Maraɗi ma na damina ne, yana cika yana tumbatsa a watan Agusta, sannan a wayi gari yara suna buga ƙwallo a kan yashinsa. Bambancin yana ga abin da ake yi wa wurin da ruwan yake fitowa, kuma nan ne maganata take.

A saman wannan katangar dutse, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 5, akwai fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da fadamu, a gindin wani tsauni mai mita 3,282 da ake kira Mont-aux-Sources. Wasu ƴan mishan Faransawa biyu, Arbousset da Daumas, su suka sa masa wannan suna a 1836, saboda sun ga koguna da dama suna tasowa daga wurin, wasu suna nufar gabas, wasu suna shiga Lesoto su haɗu da ruwan kogin Orange. Tugela tana fara tafiyarta a nan a matsayin ɗan rafi da mutum zai iya tsallakawa, ta faɗo daga dutsen, ta tattara sauran rafukan da ke gangarowa daga Drakensberg, ta zama kogi mafi girma a KwaZulu-Natal, ta yi tafiyar kimanin kilomita 500 kafin ta shiga tekun Indiya. Ciyawar da ke saman duwatsun nan ita ce rumbun ruwan ƙasar, tana riƙe ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara, tana sakinsu a hankali. Idan aka cinye ta da kiwon da ya wuce kima, ko aka riƙa ƙona ta ba bisa ƙa'ida ba, ruwan zai sauko gaba ɗaya a ƴan kwanaki da jan laka, sauran watannin shekara kuma babu komai.

Masanan Afirka ta Kudu sun yi lissafi sun gano cewa yankunan da ba su wuce kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasarsu ba su ne suke ba da rabin ruwan da ke gudana a kogunansu, kuma Drakensberg yana sahun gaba a cikin waɗannan yankuna. Johannesburg, birnin zinariya da masana'antu, ba ya bakin wani babban kogi. Daga cikin ruwan da mutanensa suke sha akwai na Tugela, wanda ake tarewa a madatsun ruwa a gindin duwatsun, a turo shi sama da manyan injuna ya tsallaka zuwa madatsar Sterkfontein, daga can ya bi hanya ya shiga kogin Vaal. Tashar da ke wannan aiki, wadda aka kammala a 1981, tana kuma ba da wutar lantarki mai ƙarfin megawat 1,000. Da dare, lokacin da buƙatar wuta ta ragu, sai a tura ruwa sama, idan buƙata ta ƙaru kuma sai a sake shi ya gangaro ya juya injunan. A ɓangaren Lesoto ma yarjejeniyar 1986 ce ta haifi madatsar Katse, wadda ta sa wannan ƴar ƙaramar ƙasa take sayar wa maƙwabciyarta ruwa. Ita ma Angel haka labarinta yake, domin ruwanta yana ƙarewa ne a kogin Caroni, wanda madatsar Guri da ke kansa take ba Benezuwela mafi yawan wutar da take amfani da ita. Saboda haka duk wanda ya ce gandun daji irin wannan wurin shaƙatawar Turawa ne kawai, da masu kuɗin da ba su da aikin yi, bai bi ruwan ya ga inda yake zuwa ba.

Ban ce babu gaskiya ko kaɗan a wannan zargi ba. An kafa gandun Royal Natal a 1916 a ƙarƙashin mulkin fararen fata, kuma laƙabin sarauta da yake ɗauke da shi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Ingila George na Shida ya kai da iyalansa a 1947. Shekaru masu yawa baƙaƙen da ke zaune a gindin duwatsun, masu shanu da tumaki, kallon shinge kawai suke yi, alhali tun kafin zuwan kowane Bature mutanen San, mafarautan asali na yankin, sun rayu a cikin kogwannin dutsen nan, sun bar dubban zane-zane a jikin bango, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Gandun da maƙwabtansa ba sa cin moriyarsa, gandu ne mai jiran ranar da ƙarfin hukuma zai ragu. A Canaima masu haƙar zinariya ba bisa doka ba sun shiga cikin gandun suna lalata rafuka, takardar UNESCO da wurin ya samu tun 1994 kuma ba ta hana su ba. Duk da haka, rashin adalcin da aka yi wajen kafa gandu hujja ce ta gyara yadda ake raba amfaninsa. Idan aka ce saboda shi a bar mafarin kogi ya lalace, talakan da aka zalunta da farko shi zai fara rasa ruwan sha.

Akwai wani darasi a Drakensberg da zai ba mutanenmu mamaki, mu da muka taso muna jin cewa dashen itace shi ne maganin kowace matsalar muhalli. A wajen Cathedral Peak, cikin waɗannan duwatsu, an yi gwaji na shekaru masu yawa, aka dasa itatuwan katako na waje a wasu kwaruruka, aka bar wasu da ciyawarsu ta asali, ana auna ruwan da ke fita daga kowanne. Kwarurukan da aka dasa wa itatuwa ruwansu ya ragu ƙwarai, domin itatuwan suna shanye shi. Shi ya sa tun 1995 gwamnatin Afirka ta Kudu take biyan talakawa kuɗi su sare baƙin itatuwan da suka mamaye bakin koguna. A nan jihar Maraɗi kuwa akasin haka ne ya yi aiki: sassaben zamani da aka fara a farkon shekarun 1980, inda manomi yake barin tohon kututturen gawo da kalgo da sabara a gonarsa yana yi masa aski maimakon ya tumɓuke shi, ya mayar da itatuwa a miliyoyin eka na ƙasar nan, har ana zuwa daga wasu ƙasashe ana koyo. Su sun kare ciyawa, mu mun kare toho, kowa ya duba abin da ƙasarsa take da shi tun asali. Ina faɗin wannan ne saboda masu zuwa da shiri guda ɗaya a jaka, suna so su shimfiɗa shi a ko'ina.

Mu ba mu da dutse mai mita 3,000, magangarar da aka fi sani a Nijar kuwa ita ce ƴar ƙaramar nan ta Timiya a duwatsun Azbin. Amma muna da kogi, kuma mafarinsa ba a hannunmu yake ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya wuce ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya shiga ruwan Rima. Duk abin da aka yi a samansa mu muke gani a ƙasa. Tun da aka gina madatsar Jibiya, masu lambu da manoman fadama suke cewa ambaliyar da takan shimfiɗu a kwarin ta bar laka mai albarka ta ragu, kuma tafkin Madarumfa yana cika da yashin da ruwa yake kwasowa daga filayen da aka tsiraita. A ɗaya ɓangaren kuma, idan ruwan ya zo da fushi babu abin da yake tare shi. Dattawanmu sun san ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari aka dawo da shi kan tudu, kuma ba wanda ya manta gidajen da suka rushe da rayukan da aka rasa a daminar 2024.

Mutane da yawa ba su san cewa akwai yarjejeniya tsakanin Nijar da Najeriya a kan wannan ruwa ba. An sa mata hannu a Maiduguri a 1990, kuma ta ambaci Gulbin Maraɗi da sunansa, tare da Magiya da Komadugu Yobe, a kan cewa za a raba ruwan bisa adalci, a riƙa musayar bayanai, kowace ƙasa ta sanar da ƴar'uwarta kafin ta yi wani aikin da zai taɓa ruwan. Afirka ta Kudu da Lesoto sun haɗa gandayensu na kan iyaka sun zama wuri ɗaya a jerin UNESCO a 2013, duk da cewa bambancin ƙarfi da arziki a tsakaninsu ya fi wanda ke tsakaninmu da Najeriya nesa ba kusa ba. Mu da Katsinawa harshe ɗaya ne, sarauta ɗaya ce, auratayya kuma ba ta yanke ba ko a lokacin da aka rufe iyaka, amma ban taɓa jin an yi zaman da manomin Jibiya da manomin Madarumfa suka zauna a tabarma ɗaya a kan lokacin da za a saki ruwa da yawan da za a saki ba.

Shawarata ga hukumomin jiha da masu martaba sarakunanmu ita ce a fara da abin da ba ya buƙatar kuɗin waje. A ba ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo aikin auna ruwan Gulbi da zurfin tafkin Madarumfa kowace damina, a riƙa karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa, yadda mai lambu zai san abin da ake magana a kai. A tsayar da ɗibar yashi da saran itace a gaɓar kogin da cikin dajin Baban Rafi bisa ƙa'idar da mutanen ƙauyukan suka sa hannu a kanta, kuma wani kaso na harajin itacen da ake shigowa da shi gari ya riƙa komawa gare su a fili, kowa yana gani. Sannan a ɗauko yarjejeniyar Maiduguri daga inda take ajiye, a fassara ta da Hausa, a kai ta zaman farko da za a yi da hukumomin Katsina.